Kunamar Kawu Sufeto

Shekara bakwai ke nan cif a wannan watan da aka kai Kawu Iliyasu makwancinsa a Kano. Na san idan aka ce za a tuna mamaci, mai karatu kan gyara zama ya tanadi hawaye. To, ku mayar da hankicinku aljihu. Mutumin da zan ba ku labarinsa ba ya son ganin fuska a murtuke, ni ma kuma yau zumuɗi ne fal cikina, domin akwai maganar da ya ba ni ajiya ya ce kada in kuskura in fitar da ita sai ya shekara bakwai a ƙasa. Na tambaye shi dalilin bakwai ɗin, ya ce lokacin duk mai son yi masa dariya sai dai ya bi shi can. Wa'adi ya cika, kuma wallahi bakina ya daɗe yana ƙaiƙayi.

A kan teburina a nan Guangzhou, ƙasar Sin, akwai wani ɗan kube na fata, ruwan ƙasa, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kuben ƙaramar bindiga ne, irin wanda ake saƙalawa a ɗamara, amma ni alƙaluma nake zubawa a ciki. A jikinsa an buga hoton kunama, ta ɗaga ƙari, kyakkyawa da ita. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗauka ya yaba. Ba su san cewa irinsa ɗari uku ne suka kusa hawa jirgi zuwa Najeriya ba, kuma da sun isa, da wani ya rasa ƙafarsa ko ransa, alhakin kuwa a wuyana.

Kawu Iliyasu ƙanin mahaifiyata ne. Sufeton 'yan sanda ne mai ritaya, ya daɗe yana kula da ɗakin ajiye makamai, shi ya sa har ya rasu sunan Sufeto bai bar shi ba. Yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma tun muna yara abin da muka sani shi ne 'yan fashi ne suka harbe shi. Mun yi alfahari da ƙafar nan ba kaɗan ba. Da ya ajiye aiki sai ya shiga harkar sayo ɗamara da takalma da huluna wa wani shago da jami'ai ke sayen kayan aiki a cikinsa, harkar da ta riƙa kawo shi Guangzhou sau biyu a shekara. Ni kuma a lokacin ina shekara ta uku a jami'a ina karatun haɗa magunguna, Sinanci ya zauna a bakina, kai kuma ya kumbura daidai gwargwado. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko a gaban wa.

Abin dariya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin ƙamshin man bindiga sai ga shi a ƙasar da ko bindigar wasa ce, in ta yi kama da ta gaske, tana iya ja maka kwanan caji ofis. Kawu ya kiyaye wannan doka fiye da masu ƙasar. Ya ce a ƙasar nan ko da yatsa ba ya yin bindiga. Amma baki fa ba a ɗaure shi ba. Da zarar ya samu ɗan uwa Bahaushe a wurin cin abinci ko bayan sallar Juma'a, sai ya ɓalle da zancen ƙananan bindigogi, wace ce ta fi wace, wace ce ke yaudarar mai ita. Ni kuwa da ya fara nake toshe kunne in shiga latsa waya. Wannan toshe kunnen shi ya kusa kai ni ya baro.

A wani zuwansa na lokacin baje koli, ya zo da oda ta kube ɗari uku. Bai yarda da masu yin su da yawa a kasuwa ba, ya ce fatarsu laushi gare ta kamar tsumma. Sai muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin masu jakar fata, inda ya taɓa ganin ɗinkin wata mata da ya burge shi. Laban Lin muke ce mata, laban ɗin shi ne yadda bakinmu ya iya faɗin kalmarsu ta mai gida ko uwar ɗaki. Jakunkunan mata take yi, kuma a rayuwarta ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Kawu bai zo da komai ba sai zane a takarda da awon tsawo da faɗi. Ta duba, ta juya takardar, sannan ta ɗora fensir a gefe ɗaya na bakin kuben ta ce in tambaye shi ko ta zaftare nan ƙasa kaɗan, zai fi kyan gani, hannu kuma zai fi saurin kamawa.

Kawu yana can yana shinshina wata fata, bai ga inda fensirin ya nuna ba. Na ce masa tana tambaya a kan fasalin bakin. Ya ce, "Uwata, gaya mata ta yi duk ƙawar da take so. Abu ɗaya ne ba na wasa da shi, kunama. Fata mai tauri a kan kunama. In ta kiyaye wannan, mun gama."

Mai karatun da ya san bindiga ya riga ya dafe kai. Ni a ranar ban san cewa ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake ja da yatsa sunansa kunama ba. Kunama ɗaya na sani, mai harbi a bayan randa. Na ɗauka tambarin tsohuwar rundunarsu ce yake so a buga. Kuma maimakon in ce Kawu ban gane ba, sai na juya cikin ƙwarewa, har da ɗan gyaran murya, na shaida wa Laban Lin da Sinanci mai kyau cewa ta zaftare bakin yadda take so, amma lalle lalle a buga kunama a kan fata mai tauri. Matar ta zaro ido, ta yi dariya, ta ɗaga babban yatsa. Kawu ya ga yatsa a sama, shi ma ya ɗaga nasa. Muka rabu kowa na murna, alhali ba wanda ya fahimci wani.

Yanzu da nake wannan rubutu, yaran da ke zuwa sayayya ba sa neman tafinta. Waya suke karawa a bakin laban, ta faɗa, wayar ta juya. Sau da yawa nakan ce da Kawu na nan da ya ce wayar nan ta fi Uwata, ko ba komai ba ta da girman kai. Kwanakin baya na ce bari in gwada ta. Na faɗa mata maganar Kawu kalma bayan kalma, na ce ta mayar da Sinanci. Jama'a, ita ma kunamar bayan randa ta kawo! Na yi ta tsalle ni kaɗai a ofis kamar wadda aka yi wa bushara. Na so a ce yana raye in kai masa wayar har gida in ce to Sufeto, ga abokiyar laifina.

Bayan mako uku Laban Lin ta kira ta ce kaya sun kammala. Kawu yana Pazhou, wurin baje kolin, yana yawo da wasu baƙi da suka zo daga gida, ƙafa kuma ta kumbura. Ya ce in je in duba a madadinsa. Na je, na ga kunamu ɗari uku a jere suna sheƙi, ɗinki kamar da inji aka auna kowane zare. Daɗi ya kashe ni. Na kira shi nan take.

"Kunama fa?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Kawu, an yi mata aikin da ba ka taɓa gani ba."

"An rufe?"

"An rufe komai, har an ɗaure."

Ni kwalaye nake nufi. Ya sa mini albarka har sau uku. Aka kwashi kaya zuwa sito na Alhaji Mumuni, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke aika kaya ta jirgin sama daga unguwar Baiyun, aka ce ranar Alhamis da la'asar motar ƙarshe za ta shiga da su filin jirgi. Ni kuma na ɓoye guda ɗaya a jakata, wai in ba Kawu mamaki idan kaya sun tashi.

Ranar Alhamis ɗin, bayan azahar, muka haɗu a wani ɗan shagon Musulmin Sin kusa da Pazhou, inda ake jan taliya da hannu. Wayata ta mutu, babu caji, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ya sa a karon farko a rayuwata na saurari Kawu yana zancen bindiga. Ranar yana cikin nishaɗi, kaya za su tashi, sai ya mayar da ni ɗalibarsa.

Ya ce wadda yake ƙauna ita ce ƙaramar nan da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin riga, wadda yake kira mai aiki biyu. A bayanta akwai 'yar guduma da ke bugun harsashi. A wasu bindigogin sai ka ɗana gudumar tukuna, daga nan ɗan taɓi kaɗan ya isa ta tashi. Ita mai aiki biyu, ja ɗaya ne ke ɗaga gudumar ya kuma sake ta, shi ya sa jan farko yake da tsawo da nauyi, sai yatsa ya yi da gaske. Ya ce wannan nauyin shi ne duk darajarta. Tana kwance a jikinka da harsashi a ciki, ba ta tashi don ka yi tuntuɓe ko ka firgita. Babu wani makulli da za ka tsaya lalube ranar da tsoro ya kama ka. Ga ta ba nauyi, ba ta turo riga, mutum ya wuni da ita bai gaji ba. Kuma a cikin tsawon jan nan na farko, in ji shi, akwai ɗan lokacin da mutum zai iya cewa a'a, ya janye yatsansa, wani ya koma gida wurin 'ya'yansa.

Amma Kawu ba ya yabon abu ya bar shi haka, ko matarsa ce. Ya ture kwanon taliya gefe ya shiga tona mata asiri. Nauyin nan da ya yaba, shi ne kuma ke karkatar da hannun wanda bai yi atisaye ba, harbin farko ya tafi inda ba a aike shi ba. Ƙanƙantarta da ke sa a so ta, ita ke sa ta yi shuri kamar jaki, marikin gajere, ƙaramin yatsa na lilo a iska. Hancinta gajere ne, abu in ya yi nisa sai addu'a. Cikinta ba ya ɗaukar harsashi da yawa. Sannan ya rage murya ya ce babban makircinta yana bayan harbin farko, domin daga nan ita ke ɗana kanta, ja na biyu ya zama gajere mara nauyi, har ya kan riga niyyar mai shi fita. Wanda ya gama ya manta bai kwantar da gudumar ba, ya mayar da ita ƙugu a ɗane, to ya saƙala wa kansa masifa.

"Shi ya sa kube ya zama rabin bindiga," in ji shi. Ya waiga hagu da dama, ya saukar da hannunsa ƙasan tebur inda ba mai gani sai ni, ya karya dokarsa ta shekara da shekaru. Ya lanƙwasa manuninsa, ya ja shi a hankali. "In fata mai tauri ta rufe kunama, ko maɓallin riga, ko makulli, ko gezar rawani, ba abin da zai kai gare ta."

Na kalli yatsan nan. Na ce, cikin wata murya da ban san ina da ita ba, "Kawu, wannan da kake ja, shi ne kunama?" Ya ce, "To da mene ne?" ya ci gaba da shan romonsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin yin shiru. Kaya sun kusa tashi, ba wanda ya sani sai ni. In sun isa aka ga aibinsu, sai a ce 'yar Sin ce ba ta ji ba, ita kuma ba ta da Hausar da za ta kare kanta. In kuma ba a lura ba fa? Nan ne na hango wani bawan Allah da ban sani ba, ya ɗaura kuben nan a ƙugu, ya yarda da shi saboda sunan Sufeto, kunama a waje tana jiran maɓallin riga. Na sa hannu a jaka, na ciro kuben da na ɓoye, na ajiye a gabansa kusa da kwanon taliya, na ce, "Kawu, ni ce. Ban san kalmar ba, kuma ban tambaya ba." Daga nan, da yake rediyo ake kirana a gidanmu, sauran bayanin ya zubo da kansa, har da wanda ba a tambaye ni ba.

Ya ɗauki kuben. Ya sa yatsa a inda aka zaftare bakin, daidai inda ya kamata fata ta hau. Ya juya ya ga kunamata ta ɗaga ƙari. Na ga leɓensa na rawa, na ce shi ke nan, yau zan sha zagin da ban taɓa sha ba. Sai kawai ya dubi agogonsa ya miƙe ya ce, "Uwata, tashi. Dariyar sai mun dawo."

Wayyo, tafiyar nan! Daga Pazhou zuwa Baiyun ba nan kusa ba ne, ga cunkoson 'yan baje koli. Wayata a mace, tasa kuma lambar Alhaji Mumuni na ta ƙara ba a ɗauka. Ina gaba ina roƙon direban tasi da duk Sinancin da na mallaka, wannan karon ina auna kowace kalma kafin in sake ta. Kawu na baya yana buga sandarsa a ƙasan mota yana cewa in gaya masa ya bi ta can, alhali bai san hanyar ba ko kaɗan. Direban ya ɗauka haihuwa za a yi. Ban gyara masa ba, Allah Ya yafe mini wannan ma.

Muka iso sito ana jan ƙofar bayan motar kaya. Ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu ba sai ranar. Sanda a sama, babbar riga na tashi, ƙafar hagu na jan ƙasa, yana kwala kiran Alhaji Mumuni. Alhaji ya fito da takardu a hannu, ya dube ni da Hausarsa ta zango da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Hajiya, kai ka makara. Kaya ya shiga, meyo fitowa." Meyo ɗin nan ita ce babu ta mutanen Sin, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san in aka ce maka ita, magana ta ƙare. Kawu bai yi musu ba. Ya je ya zauna daram a kan matakalar bayan motar, ya miƙe ƙafar nan tasa, ya ce to a tafi da shi filin jirgin, a auna shi a kilo. Ma'aikata suka tsaya kallo. Alhaji ya yi salati, ya yi dariya, ya ce a sauke. Sai da aka fitar da kayan mutum huɗu kafin a kai ga namu, ni da kaina na riƙa jan kwalaye, mayafi a ɗaure a ƙugu, ina kuka ina dariya.

A kan waɗannan kwalayen muka zauna, motar ta tafi ta bar mu, Kawu ya cika alkawarin dariyarsa har sai da ya riƙe ciki. Da ya lafa sai ya shafa gwiwarsa ta hagu. Ya ce, "Uwata, kin san wa ya harbe ni?" Na ce 'yan fashi. Ya girgiza kai.

Ya ce shi ne. Wata rana ya dawo daga atisaye cikin farin kaya, ya manta bai kwantar da gudumar ba, ya mayar da bindigar cikin wani kube mai zaftararren baki, sak irin wanda na sa aka ɗinka. Ya zo shiga masallaci, ya jawo carbinsa daga aljihun gefe, gezar carbin ta saƙale kunama. A wurin aiki kowa ya san gaskiya, shi ya sa ma aka mayar da shi ɗakin makamai. Amma wanda ya kai labari gida ya ƙara gishiri ya ce 'yan fashi ne, shi kuma da ya farfaɗo ya ga 'yan uwa na kallonsa kamar wani barde, sai ya kasa gyarawa. Kullum yana cewa gobe, har goben ta haura shekara ashirin. Ya ce, "Ke kin ja naki, kin faɗi gaskiya a cikin minti biyar. Ni nawa jan farkon ya fi ƙarfin yatsana." Nan ya ba ni ajiyar, da sharaɗin shekara bakwai.

Washegari muka koma Shiling. Na tsaya gaban Laban Lin na bayyana mata da bakina cewa kuskuren nawa ne, na kuma zana mata abin da kunama take nufi. Matar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta kira masu ɗinkinta ta ba su labari, su ma suka kwashe. Asara kam an yi ta, ba a gyara kuben da aka riga aka zaftare. Tsofaffin ta rarraba wa teloli suna zuba almakashi. Aka yanka sababbi, baki a sama, fata mai tauri ninki biyu. Da ta tambaya ko a cire hoton, Kawu ya ce a'a, a bar shi, amma a matsar da shi ya zauna daidai kan wurin da fatar ta rufe. Ya ce duk wanda ya ga ta waje zai tuna da ta ciki.

Shekara biyu bayan haka ciwo ya kwantar da shi, ya tafi. Ni kuma da na gama karatun magunguna ban taɓa buɗe kemis ba. Ina nan tsakanin Shiling da Baiyun, kuma har yau ni da Laban Lin muna yin kuben nan. Mai shagon can gida ya ce jami'ai ba sa tambayar wani suna, cewa suke a ba su mai kunama. Ba su san Sufeto ba, ba su san ni ba, ba su san gudun da gurgu ya yi a bakin sito ba. Suna ɗaurawa su tafi aiki su dawo da ƙafafunsu biyu, ni kuwa wannan ya ishe ni.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da zamanin nan. Yanzu an fi yayin bindigogin da ba su da guduma a waje, jan farko da na ƙarshe duk nauyinsu ɗaya, kuma samari na ta musu a kansu a waya, yawancinsu ko kusa da bindiga ba su taɓa zuwa ba. Na san zai yarda cewa sababbin sun fi sauƙin koyo, domin shi mai adalci ne ko a kan abin da ba ya so. Amma na san zai ƙara da cewa komai na yanzu an rage masa nauyin jan farko, har da bakin mutane, kowa na sakin magana kafin ya san inda ta nufa. Sannan ya dube ni ta gefen ido ya ce ban da Uwata, ita sai da ta sauke kwalaye ta koya. Ni dai abin da na ɗauka daga gare shi ƙarami ne, kuma kullum ina aiki da shi. In ban gane kalma ba, ko a gaban wa, nakan ce ban gane ba.

Saura ajiyar. Ban so mahaifiyata ta tsinci sirrin ƙaninta a jarida ba, don haka shekaranjiya da hantsi na kira ta. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar kowa har da awaki, sannan na runtse ido na ce, "Inna, ƙafar Kawu ba 'yan fashi ba ne. Shi ya harbi kansa."

Sai na ji wata 'yar dariya irin ta tsofaffi, mai haɗe da majina.

"Ke yanzu kika sani? Mu da muka wanke wandon? Ramin daga sama ya shiga, daidai ƙugu, ga ƙunar wuta a jikin zariya. Wane ɗan fashi ne zai shiga cikin wandon mutum ya harbe shi? Ni da matarsa muka dubi juna muka ce a bar masa 'yan fashinsa."

Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, yana jin kunyar mutanen da suka riga suka sani, suka rufa masa ba tare da ya roƙa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma rabin kukan na haushi ne, domin na so a ce ya ja nasa tun yana raye, ya ji wannan dariyar ta Inna da kunnensa.

Kawu, na sauke ajiyarka, ga shi kuma ashe ba kowa a gidan da bai sani ba sai mu yara. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya tashe ka da ƙafafu biyu lafiyayyu. Inna ta ce in gaya maka carbin ma yana nan a akwatinta, ita ta tsince shi a aljihun rigar.